Kar ki zubar da albasar furen nan tukuna

Ƙanwata, sannu da sanyi, barka da shiga sabuwar shekara. Na ga tambayarki cewa wannan ne hunturunki na farko a Ingila, kin sayi ɗanyar bishiyar Kirsimeti, maƙwabciyarki kuma ta ba ki kyautar tukunyar amarilis da ta hayasint, furannin da ke tsirowa daga albasa, yanzu furannin sun fara yaushi, kina tambaya ko ki tattara komai ki kai bola. Waɗanda suka riga ni amsawa duk a kan bishiyar suka tsaya. Ni zan taɓa ta kaɗan ne kawai, don asarar da nake jiye miki tana wajen furannin.

Al'adar mutanen nan ita ce a sauke kayan ado ranar 5 ga Janairu, wasu kuma 6 ga wata, ranar da Kirista ke tunawa da zuwan masanan nan daga gabas wurin jariri Yesu. A zamanin da har 2 ga Fabrairu ake barinsu, saboda haka babu wanda zai kama ki don kin ƙara kwana biyu. Bishiyar kanta za ki duba. In kin shafa reshe ganyen ya zubo miki a hannu, ta bushe ke nan, kuma busasshiyar bishiya ga hita ga wayar lantarki ba abin kwana da shi ba ne. Ki duba shafin ƙaramar hukumarku, yawancinsu suna karɓar bishiyoyi a Janairu su niƙa. Kafin ki ja ta waje ki naɗe ta cikin tsohon zanin gado, in ba haka ba har Ista kina tsintar ƙayoyinta a kafet.

Fitilu kuma ki yanko kwali mai ɗan faɗi, ki tsaga gefensa, ki maƙale kan wayar a tsagar, ki naɗe ta a jiki. Masu batir ki cire musu batirin, don in ya shekara a ciki yakan yi yoyo ya cinye ƙarfen. Fitilun da suka mutu ba a sa su a shara ta gida, wurin karɓar tsofaffin kayan lantarki ake kai su. Ƙwallayen ado masu fashewa kiret ɗin ƙwai ya ishe su. Abu ɗaya da sabon zuwa ba ya tunawa shi ne danshi: ɗakin ajiyar saman silin da gareji a ƙasar nan suna jiƙa kaya ba tare da ruwa ya taɓa su ba, kwali ya yi laushi, ƙyalle ya yi fumfuna. Robar ajiya mai murfi ta fi, ki rubuta abin da ke ciki a gefe.

To, amarilis. Da farko ki dubi albasar. In irin wadda aka lulluɓe da kakin zuma ce mai launi, babu ƙasa babu tukunyar kirki, an riga an datse mata saiwa, da wuya ta sake yin abin arziki. Amma kin ce a tukunya take da ƙasa, to wannan shekara da shekaru za ta yi miki fure in kin iya da ita. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ba ta san ƙanƙara ba, shi ya sa take jin daɗin ɗaki mai ɗumin digiri 20 ko 21.

Ki tsinke furannin da suka yi yaushi ɗaya bayan ɗaya, kar ki bari su ƙulla iri, ƙulla iri yana cinye ƙarfin albasar. In duk sun ƙare, ki yanke karan da wuƙa mai kaifi, ki bar kamar tsawon ɗan yatsa a saman albasar. Karan rami ne a cikinsa, za ki ga ruwa ya ɗan tsiyayo, ba komai ba ne. Kuma kar ki yi gaggawar ɗauke ta daga falo, babbar albasa takan fito da kara na biyu bayan na farko. Ki leƙa wuyanta: tohon ganye siriri ne a baje, tohon fure kuwa kauri gare shi da tsini.

Ganyen nan dogaye da za su fito su yi ta langaɓewa, su ne mutane ke gani su ce abin ya zama ƙazanta, su sa almakashi. Kar ki taɓa su. Duk furen da kika gani bana daga abincin da albasar ta tara bara ne, yanzu ta rame, in kin matsa ta za ki ji ta ɗan saki. Ganyen ne zai sake cika ta. Ki ajiye ta a tagar da ta fi samun rana, wadda ke duban kudu in kina da ita, domin a Janairu hasken yini kamar awa takwas zuwa tara ne kawai. Sai dai gidajen nan hita a ƙarƙashin taga take, to ki ɗan kauce wa saitin hitar, da dare kuma kar ki bar tukunyar tsakanin labule da gilashi, nan ne wuri mafi sanyi a ɗakin. Ki riƙa juya ta duk bayan kwana biyu ko uku don kar ta karkata gefe guda.

Ruwa shi ne abin da ya fi kashe ta, yawansa nake nufi. Mu da muka taso inda rana ke shanye ruwan shuka kafin azahar, hannunmu ya saba da ban ruwa safe da yamma, a nan kuwa ƙasar tukunya sai ta yi mako ba ta bushe ba. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in da sauran laima ki ƙyale ta. In za ki zuba, ki zuba a gefe, ban da kan wuyan albasar, ki zubar da wanda ya taru a faranti. Yawancin tukwanen kyauta ba su da huji a ƙasa, ki ɗaga naki ki gani, in babu ki canza mata. Sulusin albasar na sama a waje yake zama, ba a binne ta duka. In kin fara ganin ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna tashi daga tukunyar, ruwa ya yi yawa. Takin ruwa na tumatir da ake sayarwa a kwalba ya wadatar, duk mako biyu, daga yanzu har zuwa Satumba. A watan Yuni, bayan ƙanƙara ta wuce, kina iya fitar da ita waje, amma ki sa ido kan dodon koɗi.

Wajen Satumba sai ki janye ruwa da taki, ki kai ta wuri mai sanyin digiri 10 zuwa 13 na tsawon mako takwas zuwa goma. Ganyen zai yi rawaya ya bushe, lokacin ne za ki cire shi. In kin san albasar kwaɗi ta gida, dangi ɗaya suke: ta ɓace duk tsawon rani, ruwan farko na sauka ta tsiro. Hutun nan shi ke jawo furen. Bayan ya cika ki sabunta ƙasar sama, ki dawo da ita ɗumi, ki ba ta ruwa kaɗan, cikin mako shida zuwa takwas za ki ga fure.

Hayasint labarinta daban ne. An yaudare ta ne da sanyi da duhu na makonni don ta yi fure kafin lokacinta, kuma ba ta yarda a yi mata haka sau biyu. Ki yanke furen, ki bar ganyen ya bushe da kansa, ki dasa ta a lambu ko babbar tukunya a waje, za ta riƙa fitowa a Maris ko Afrilu, furen bai kai na farko cika ba amma ƙamshin yana nan. Ki sa safar hannu, ɓawonta yana sa ƙaiƙayi.

Tunda kin ce kina da yara ƙanana, ga abin da ba zan tsallake ba. Amarilis da hayasint da dafodil, wani furen mai albasa, duk guba ne in an ci, ga mutum da kyanwa da kare, suna sa amai da gudawa. Kamarsu da albasar miya ta kai a 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna cewa su nisanta dafodil daga wajen kayan miya. Saboda haka lokacin hutun amarilis kar ki ajiye ta a kicin ko cikin firji, musamman in kina da baƙi daga gida masu taya ki girki. Ki bar ta cikin tukunyarta, ki manna takarda a jiki da sunanta da ranar da kika janye mata ruwa, ki ɗora ta can saman kanta inda hannun yaro ba ya kaiwa.