Murar Hunturu: Me Za a Saya, Me Za a Bari a Kanta?

Tambaya: Yarana uku ne, ƙaramar wata takwas. Da sanyi ya shigo sai mura ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai kemis ɗin unguwarmu kullum Ampiclox yake haɗa min da maganin tari, surukata kuma ta ce zuma da lemun tsami sun wadatar. Wa zan bi? (Wata uwa daga Gusau)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba yara lafiya. A wannan karon ki bi Hajiya, amma ban da jaririyar.

Ƙwayoyin bairos ne ke kawo mura, kuma sun haura iri 200. Ampiclox da danginsa, irin su Amoxicillin da Septrin, bakteriya suke kashewa, ba ruwansu da bairos. Mura kan yi kwana 7 zuwa 10 ta tafi da kanta, sai a ce kafso ne ya yi aiki. Kuɗinki ya tafi, wani yaron ya samu gudawa, sannan ranar da ake buƙatar maganin da gaske yana iya ƙin ci. Ko majina ta yi kauri ta koma kore, wannan kaɗai bai isa hujjar shan su ba.

Zuma kuwa ba camfi ba ce. Tun 2018 hukumomin lafiya na Ingila suka sa ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa idan tari ya taso. Ƙaramin cokali ɗaya kafin barci, ko a lasa ko a dama a ruwan ɗumi da lemun tsami, yana lafar da ƙaiƙayin maƙogwaro. Babban yaro ki jefa masa 'yar citta da kanumfari a shayi, kar dai yaji ya yi yawa. Farfesu mai romo da kunun tsamiya ma suna taimakawa, domin ruwa da ɗumi ne abin da jiki ke nema.

Sai dai yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma ko ɗigo. Takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya murƙushewa, na jariri kuwa bai yi ƙwari ba, har ta kai ga shanye masa jiki da numfashi. Na san wannan magana ba za ta yi wa kakanni daɗi ba, ki faɗa wa Hajiya cikin ladabi. Maganin jaririya nono ne a kai a kai, da ɗigon ruwan gishiri na hanci da ake sayarwa a kemis, ɗigo biyu kafin ta kama mama don ta samu hanyar numfashi. Kada ki shafa mata Robb ko Mentholatum, ba na 'yan ƙasa da shekara 2 ba ne.

Idan zazzaɓi ya shigo, a yi gwajin maleriya tukuna. In kika ga numfashi ya yi sauri, ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki, ko ta ƙi nono, to a bar kicin a nufi asibiti. Haka ma zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, don rani lokacin sanƙarau ne.

Tambaya: Adaidaita sahu nake tuƙawa a Kano. Hancina ya toshe, goshina da kumatuna na ciwo. Wata guda ke nan ina ɗiga Otrivin, in na daina sai abin ya ƙaru. In ƙaro wata kwalba, ko in koma surace?

Amsa: Malam, kar ka ƙaro. Irin wannan ɗigo yana matse jijiyoyin jinin hanci ne, sai hanya ta buɗe nan take. In aka zarce mako guda ana sa shi, hanci kan saba, da ƙarfinsa ya sake sai kumburin ya dawo fiye da da. Wato yanzu maganin ne da kansa ke toshe ka. Ka fara dainawa a ƙofar hanci ɗaya, in ta warware ka bi da ɗayar. Kwanakin farko akwai wuya.

Abin da ya fi maka amfani yana cikin gidanka. Tafasa rabin lita na ruwa, bar shi ya huce, zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri. Ka tsaya a bakin rariya, ka zuba kaɗan a tafin hannu mai tsabta, ka shaƙa ka fyace kamar yadda kake yi a alwala. Za ka ga ƙurar titi tana fitowa baƙi ƙirin. Tafasawar dole ce, ba a shaƙa ɗanyen ruwan rijiya ko na 'yan garuwa har can ciki.

Surace da ganyen turare ko na'a-na'a yana sassauta majina na ɗan lokaci, bai wuce nan ba. Ka ajiye kwanon a ƙasa, nesa da yara. Sannan ka sayi takunkumi, tun da hazo da hayaƙin salansa kake shaƙa tun daga asuba. Tun da ciwon fuskar ya kai wata, ya wuce na gida kaɗai, ka je likita ya leƙa hancin. In kana shan Procold, kar ka ɗora masa Panadol, akwai farasitamol a cikin su biyun, kuma Procold ɗin yana sa gyangyaɗi a kan sitiyari.

Tambaya: An ce a cusa tafarnuwa a hanci tana zuƙo majina. Gaskiya ne? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: A'a, ɗana. Ƙona fatar cikin hanci take yi, majinar da ke zubowa bayan an cire ta kuma ita ta jawo ta, wani lokacin har da haɓo. Ɓallin ma yana iya maƙalewa. Ka daka ta a miya. In kuma tari ya wuce mako biyu, musamman da rama da zufar dare, ka je a gwada kakinka don tarin fuka.