Amsa ga mai tambaya ko zafin zuciya gado ne

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara biyar ya ɗauko zafin zuciyar mahaifinsa, dangin miji kuma suna cewa ki haƙura, a jini yake, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a sakandare, na kuma raini tagwaye, don haka bari in sa baki.

Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Ƙwayoyin gado, da ɗan Adam ke da kimanin 20,000, su ke tsara yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa za su hayayyafa tun jariri yana ciki, kowace ta nemi mazauninta ta saƙu da sauran, har su kai wajen biliyan 86. Shi ya sa wani jaririn ko ƙofa aka buga sai ya zabura, wani ko a jikinsa. Binciken da aka fara a Minnesota ta Amurka a 1979 kan tagwayen da aka raba rainonsu ya nuna ana gadon wani kaso na hali.

Saurin hawa yaro ke gada. Abin da zai yi in ya hau kuwa, koyonsa yake. Duk ranar da ya yi ihu ya yi birgima aka miƙa masa abin da yake so, sinadarin dofamin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki in mutum ya samu abin da yake so, na ƙara ƙarfafa wannan hanya a ƙwaƙwalwarsa, kamar turbar da sawu ke fitarwa a gona.

Tagwayena masu kama ɗaya ne, dukansu wuta. Hassan ya taso a ɗakin kakarsa. Da ya fara huci sai ta kama hannunsa, ta zaunar da shi, ta ɗauko buta ta wanke masa fuska, ba faɗa ba tsawa. Yau magidanci ne, in ransa ya ɓaci alwala yake nema. Husaini sai da ya girma ya koyi hakan, da ƙyar.

Kada ki yi gaggawa. Wani bincike a Landan ya gano sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kwana 66 a matsakaici kafin ta zauna, wasu har 254, kuma a manya ke nan. Sashen gaban ƙwaƙwalwa mai danne fushi ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Sannan ki samu maigida cikin natsuwa, ki roƙe shi ya rage tsawa a gaban yaron, domin yana kallonsa kullum.