Adireshin Dindindin da Alhajin Kakuri

Kai yaro, wai tambayarka ita ce yadda za ka ba kowane ma'aikaci mai shigowa sabar ta VPN, wato kariyayyiyar hanyar shiga kwamfutocin ofis daga nesa, adireshin IP ɗaya da ba ya canzawa, wato lambar da ake gane na'ura da ita a kan layi. Inda ake rubuta lambar ai ba abin tambaya ba ne. A rautar MikroTik tana cikin PPP Secrets, a Windows Server kuwa shafin Dial-in na asusun mutumin. Wanda ya kasa gano wannan gara ya koma sayar da caja a titin Ahmadu Bello.

Abin da ke cin mutum shi ne rumbun DHCP, wato jerin lambobin da rauta ke raba wa na'urori da kanta. Zauna ka ji.

Wani Alhaji mai sito a Kakuri, da rassa a Zariya da Kafanchan, ya kira ni. Na tsara masa aiki tsaf: DHCP na raba adireshi masu ƙarewa da 100 zuwa 199 ga kwamfutocin ofis, masu shigowa daga nesa kuma na ware musu 200 zuwa 220, kowa da lambarsa. Manhajar lissafi ba ta buɗe wa kowa sai waɗannan lambobi, in an taɓa kuɗi ka san wanda ya taɓa. Na rubuta jadawalin, na manna a ƙofar akwatin sabar. Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce sauran sai bayan Sallah.

Ashe wayoyin ma'aikata sun cinye rumbun. Maimakon ya kira ni, sai ya kawo ɗan ƙanin matarsa, irin ku 'yan YouTube, ya buɗe rumbun har 254. Takardata na gabansa, ko kallonta bai yi ba! Akantan Zariya ba ya kan layi a lokacin, sai rauta ta ga 205 babu kowa, ta miƙa wa wayar maigadi. Ranar biyan albashi akanta ya shigo, VPN ta haɗu, amma lissafi ya ƙi buɗuwa. Maigadi na can bakin get yana kallon ƙwallo da adireshin akanta.

Wa aka zaga? Ni. Na je na buɗe wa Alhaji log, wato tarihin abin da ya faru a na'urar, na nuna masa ranar da aka sauya, ya ce shi bai san wannan turancin ba, aikina ne bai yi ƙarko ba. Na gyara, na zuba mai a mashin ɗina da kuɗina, har yau ragowar kuɗin na hannunsa. Allah Ya isa.

Don haka lambobin dindindin su zauna a wajen rumbu, in da hali ma ka ba VPN zangonta daban, kamar 10.20.30.0. Kada ka kusanci 192.168.8.0, MiFi ɗin Huawei da ke aljihun mutane a nan yake zaune, za su yi karo. Asusu ɗaya, mutum ɗaya, kada biyu su shiga da suna guda. Kalmar sirrin admin kuwa ba ta barin hannunka sai alat ya shigo cikakke.

Tashi ka tayar da janareta, NEPA sun ɗauke.