Amsa ga ƙanwarmu kan daɓen itacen roba na ɗakin rawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na saurari muryarki. Kin ce kin kama ɗaki a unguwar Yantala ta Yamai za ki mai da shi wurin koyon rawa na yaran ƙungiyarku, kuma wani ɗan kasuwa ya nuna miki parke, wato katakon daɓe, na itacen roba, irin mai hawa-hawa ɗin nan, ya ce a shafa gam a manna shi kan siminti shi ke nan. Kina tambaya ko ya yi. To ki ba ni aron hankalinki, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Itacen dai ba shi da laifi. Bishiyar da ake tatsar ƙaron roba ce, sunanta Hevea. Asalinta dajin Amazon a Brazil, amma yau manyan gonakinta suna Tailan da Indonesiya da Biyetnam, a nan kusa kuma Kodebuwa ce kan gaba a Afirka. Ana tatsarta shekara 25 zuwa 30, in ƙaron ya ja baya a sare ta a dasa sabuwa, gungumen kuma ya tafi masana'anta. Shi ya sa kuɗinsa bai kai na sauran itatuwan daɓe ba. Fari ne, yana da kyan gani, yana karɓar fenti. A ma'aunin taurin itace da ake kira Janka yana wajen 960, shi kuwa maple da ake shimfiɗa wa filayen basket a Amurka yana 1,450. Ma'ana, ƙafar da ba takalmi da takalmin roba ba za su dame shi ba, amma tsinin takalmin mata da ƙafar kujerar ƙarfe za su bar masa tabo. In kina da niyyar ba da hayar ɗakin don biki, ki sa wannan a lissafi tun yanzu.

Amma maganar a manna shi kan siminti, a'a ƙanwata, wannan ban yarda da ita ba ko kaɗan. Don Allah kada ki yi. Katakon nan ba ya lotsawa. In kika manna shi kan siminti, yaran nan kan siminti suke rawa, launi kawai kika canza. Rawarmu kuma kin san ta, dirka ƙafa ce da tsalle. Duk dirar da yaro ya yi, ƙarfin ba shi da wurin zuwa sai ya koma diddige, ya hau ƙwauri, ya hau gwiwa da ƙugu. Ba ranar farko zai ji ba, sai an yi watanni ya fara cewa ƙwaurinsa na masa zogi, a ce ai gajiya ce. Yaran mutane ne aka ba ki amana, kuma ƙashinsu bai gama ƙwari ba.

Abin da ke kare gwiwa yana ƙarƙashi, inda ido ba ya gani. A fara shimfiɗa leda mai kauri kan simintin, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta, don kada damshi ya taso. A jera ƙananan gutsattsarin roba ko soso mai tauri, tazarar kamar santimita 30 tsakaninsu. A ɗora kwantirpilake, wato faifan katakon filawud, mai milimita 12 hawa biyu, na sama ya gitta na ƙasa yadda mahaɗarsu ba za ta faɗa wuri ɗaya ba. Sannan parken ya hau. In kika taka za ki ji ya ɗan ba da kai ya dawo, to shi ake nema. Kwantirpilake akwai shi a kasuwar Katako, kuma kafintan da ya san aikinsa zai iya, in an zauna an yi masa bayani. Wallahi in kuɗinki ba su isa duka biyun ba, ki yi na ƙasan, ki goge kwantirpilaken ya yi sumul yara su fara a kai, parken ya jira baɗi.

Sai yanayin Yamai. Masu ƙera irin wannan katako yawanci suna son damshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Mu kuwa da hunturu yana sauka ƙasa da 20, a watan Agusta ya haura 70. Itace yana tsukewa yana kumbura da wannan. Nan ne mai hawa-hawa ya fi gundarin katako, don an gicciya hawan cikinsa, kowane yana riƙe ɗan'uwansa. Duk da haka a bar masa tazarar milimita 10 zuwa 15 a jikin bango ta kowane gefe, a rufe da ɗan siririn katako. In kayan sun iso kada a kafa su ranar, a bar su su kwana kamar mako guda cikin ɗakin. Simintin kuma in sabo ne a jira ya bushe sarai. Ki tambayi maƙwabta ko ruwa ya taɓa shiga gidan, musamman a daminar 2020 da ta 2024. In ya taɓa, ki ɗaga daɓen ko ki nemi wani ɗakin.

Gara kuma, hmm. Itacen roba yana da sitaci da yawa, gara da ƙwarin da ke mai da katako gari suna sonsa, haka ma fumfuna. Shi ya sa a masana'anta ake dura masa maganin boron sannan a busar da shi a tanda. Ki tambayi mai kayan ko an yi wa nasa haka, ya nuna miki a rubuce jikin kwali ko takardar kayan. A sa maganin gara a gindin bango kafin a rufe.

Wajen kula da shi, yashinmu ne babban abokin gaba, yana cin fentin kamar sanfefa. Tabarma a ƙofa, takalmin waje ya tsaya waje, shara kullum. Tsumma a matse shi sosai, ba a kwarara ruwa yadda ake wa daɓen karo, wato tayil. Kada a shafa masa mai ko kakin sa ƙyalli, santsi zai kayar da yaro. Fenti marar sheƙi za ki zaɓa.

Ki sayi rarar kashi 10 cikin 100 ki ajiye, don tun da hanyar Kwatano ta rufe a 2023 kaya ta Lome da Burkina suke zagayowa, samun irinsa daga baya ba tabbas. Kuma ki ce ya yanko miki guntu ki duba gefensa. Fatar saman ta kai milimita 3 ko 4, don a iya goge ta a sake fenti in ta tsufa. Ki ɗauki hoton gefen da ruwula a jikinsa ki turo nan, tare da tsawo da faɗin ɗakin, in lissafa miki kwantirpilake nawa zai ci. Sai na ji ki.