Jami'a, foli ko koyon sana'a? Amsoshin tambayoyinku na wannan makon

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan duk daga 'yan aji shida ne da iyayensu, na zaɓi waɗanda suka fi maimaituwa saboda amsar mutum ɗaya za ta wadatar da mutane da yawa.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi a Kano: "Malam na ci 187 a JAMB kuma wannan ne karo na biyu, likitanci nake so a BUK, Baba ya ce in haƙura in sake rubutawa baɗi. In sake ko in canza kwas?"

Ƙanena, da farko kar ka ɗauki kanka a matsayin daƙiƙi, a sakamakon farko da aka fitar na JAMB ta 2025 cikin mutum kusan miliyan 1.9 da suka zauna sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, kenan kana cikin mafi rinjaye ne. Amma gaskiya ɗaya ce, 187 ba za ta kai ka likitanci ba a ko wace jami'ar gwamnati. Wannan 150 ɗin da ka ji an ce shi ne mafi ƙarancin makin shiga jami'a a shekarar, ƙofar waje ce kawai, kowace jami'a tana da nata makin ga kowane kwas, kuma likitanci gurbinsa a ƙayyade yake domin hukumar likitoci ta MDCN ita ke faɗa wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa za ka ga mai 270 ma yana zaune a gida yana jira.

Abin da nake so ka tambayi kanka shi ne, sunan "dakta" kake so ko aikin asibiti? In aikin ne to ƙofofi suna da yawa. Akwai kwalejin nas da ungozoma, akwai kwalejojin kimiyyar lafiya na jihohi inda ake fitar da ma'aikatan lafiya na karkara da masu aikin lab da masu haɗa magani, kuma wallahi a asibitocin ƙauyukanmu su ne ke riƙe da mutane, mace na naƙuda da tsakar dare su ake bugawa ƙofa. In kuwa likitancin ne a zuciyarka ba wani ba, ka san shekara 6 ce a makaranta, sai shekara 1 ta hausmanshif, wato aikin horo a asibiti, sai bautar ƙasa, kuma in yajin aiki ya shigo irin na ASUU a 2022 da ya ci wata 8 lissafin ya ƙaru. Ka duba IJMB, shirin share fagen shiga jami'a da ABU Zariya ke kula da shi, kusan shekara guda ake yi kuma in ka ci da kyau kana iya neman shiga aji biyu kai tsaye, sai dai shi ma a likitanci gasar da zafi, kar wani ya ce maka hanya ce mai sauƙi.

In kun yanke da Baba cewa za ka sake, to kar ka sake irin yadda ka yi sau biyu. Ɗauko takardar sakamakon ka ga wane darasi ne ya ja ka ƙasa cikin huɗun, yawanci fiziks ne ko kemistiri, ka nemi malami a kansa, ka dinga gwada amsa tambayoyi a kwamfuta da agogo a gabanka. Sannan abin da ya fi damuna, kar ka yi shekarar nan a majalisa da waya a hannu. Ka nemi wani kemis ko lab a unguwarku ka dinga zuwa da safe ko ba za a ba ka ko sisi ba, a nan za ka gane ko kana iya jure ganin jini da warin ciwo da kukan yaro.

Wata uwa daga Gusau ta ce: "'Yata ta gama sakandare, ita ɗinki take so, dangin babanta sun ce asarar karatu ne. Ina da ɗan kuɗin adashi, in saya mata keke ko in biya mata NCE?"

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tsaya kika saurari yarinyar. Shawarata kar ki sayi keke yanzu, kuɗin koyo za ki fara biya. Keke nawa ne ke ajiye a lungun ɗaki an lulluɓe shi da zani an ɗora kwanuka a kai saboda an saya kafin a iya? Ki nemo mai koyarwa wadda kika ga ɗinkinta a jikin mutane da idonki, ki je shagon ko gidan ki zauna ki ga yadda take da yaranta, shin tana barinsu su riƙe almakashi su yanka atamfa ko kullum aiken sayen zare da guga da sa maɓalli ne aikinsu, domin yanka shi ne ɗinki, wanda bai iya awo da yanka ba ko ya shekara biyar a kan keke bai zama tela ba. Ku yi magana a fili a gaban shaida, wata nawa za ta yi, nawa za a biya, ƙarfe nawa za ta tashi.

Bayan kamar wata shida in kin ga da gaske take sai ki saya mata keken ƙafa irin su Butterfly, ko wanda aka taɓa amfani da shi ne in dai kansa lafiya lau, ki tafi da malamar tata ta gwada shi a kan yadi mai kauri da mai santsi kafin ki ba da kuɗi. Babban keken lantarki ya fi sauri da tsaftar ɗinki amma da yanayin wutar nan tamu sai ya zama kuɗin mai na janareto ya cinye ribar, wannan ta saya da kuɗin ɗinkinta nan gaba.

Su kuma dangi ki gaya musu ba a rufe ƙofar karatu ba. NCE shekara 3 ce kuma akwai masu yin ta ta ɓangaren lokaci, ga jami'ar karatu daga gida ta NOUN, sakamakonta na WAEC ko NECO ba ya ruɓewa. Abin da kawai zan roƙe ki, in akwai darasin da ba ta samu kiredit ba musamman Turanci da lissafi, ta gyara shi bana tun karatun bai bar kanta ba.

Wani magidanci daga Jos ya ce wani ya yi masa tayin zai samo wa ɗansa admishan in ya ba da kuɗi, in kuma bai samu ba akwai digirin Kwatano ta ƙasar Benin da ake gamawa da wuri.

Alhaji ka riƙe kuɗinka. Duk admishan ɗin da bai fito a shafin CAPS na JAMB ba, wanda yaron zai shiga da kansa ya danna ya karɓa, ba admishan ba ne, zai iya gama shekara huɗu a zo tafiya bautar ƙasa a ce babu sunansa. Maganar Kwatano kuwa, a ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ya samu digiri a can cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Ba duk makarantun can ne na bogi ba, amma wadda ake tallata ta da "saurin gamawa" ka guje ta.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi a Kaduna: "An ba ni ND a fannin lantarki a foli, abokaina suna cewa in jira jami'a saboda ana raina HND. Kuma gidanmu ba ƙarfi, sannan wai dole sai na sayi laftof?"

Karɓi abinka ƙanena, yau ɗin nan. Eh gaskiya ne har yanzu akwai wuraren aikin da ke fifita digiri a kan HND, wato babbar difloma, ba zan ɓoye maka ba, an daɗe ana kokawa a kai. Amma duba tsarin da kyau, ND, wato ƙaramar difloma, shekara 2 ce, sai shekara 1 ta aikin koyon ƙwarewa, daga nan kana da zaɓi biyu, ka koma HND ko kuma in sakamakonka ya yi kyau ka sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB ka faɗa aji biyu a jami'a. Su abokan naka da ke jira babu wanda ya ba su tabbacin baɗi, sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne tak, in ta wuce sai sabon fom da sabon kuɗi.

Kuma kai a Kaduna kake, Panteka na nan kusa da foli ɗin, inda masu walda da ƙira da naɗin koyil suke aiki tun safe har magariba. Ranar da ba ka da lakca ka je ka manne wa wani ogan, ko ka bi masu haɗa sola, yanzu gida da shago da masallaci da rijiyar burtsatse kowa sola yake nema kuma masu haɗawa da yawa ba su san lissafin ba, sai su haɗa fanel da batir da inbata da ka, bayan wata uku batir ya mutu mai gida ya yi asara. Kai da za ka koyi lissafin lodi da kaurin waya a aji sannan ka hau rufin kwano da rana tsaka ka ɗaura da hannunka, kafin ka gama ND ana kiran wayarka. Ka kuma nemi takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ko ta NABTEB, tana amfani ranar da kamfani zai ce kawo shaida.

Batun kuɗi, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati har da foli, babu ruwa a kansa, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, wanda ya nema kuma ana ba shi dubu 20 a wata na kashewa, sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne fa ba kyauta ba, ku zauna da mahaifinka ku karanta sharuɗɗan, kuma da kanka za ka cike da lambar NIN da ta JAMB ɗinka, kar ka ba kowa ko kwabo don ya "sa ka a layi".

Laftof ba dole ba ne a zangon farko, mita ta gwajin wuta da filaya da sukundireba masu kyau sun fi maka amfani yanzu. In lokacin saye ya zo ka nemi ta hannu irin HP ko Dell ko Lenovo na ofis, Core i5, RAM 8 da SSD, ka tafi da wanda ya sani, ka cire caja a shagon ka zauna minti talatin ka ga yadda batir ke sauka, ka danna kowane maɓalli, sannan mai shago ya rubuta maka rasit da kwanakin garanti kafin ka bar wurin.