Duba gumaguman ƙasa kafin ka sauya katakon sama

Malam, ka ce katakan saman gadarka sun ruɓe, kana tambaya ko sauya su kaɗai ya wadatar. Ni dai ban yarda ba. Fara ɓamɓare biyu ko uku, ka leƙa gumaguman da ke ɗauke da nauyin. Soka sukundireba daidai inda bakinsu ya hau kan siminti, can danshi ke maƙalewa. In ya nutse kamar cikin sabulu, gungumen ya tashi aiki, faci ba zai cece shi ba.

Sababbin katakan kuma, a shafa musu maganin gara har bakin da zarto ya yanka, a bar tazarar santimita 1 tsakaninsu don ruwa ya wuce. Ɗaure su da kusoshin da ba sa tsatsa. In tifa na bi, nemo injiniya tukuna.