Carbin Hajiya da ke haske in an ɗauke wuta

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah carbin kakata ne da aka yo mata tsaraba daga Saudiyya, in an ɗauke wuta sai kaga yana wani haske kore-kore a kan darduma alhali ba batir ba komai, wasu na cewa yana da illa ma. Kuma a aji naji ana maganar nanokilasta masu haske, ko abu ɗaya ne? Daga wata ɗaliba, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, kwantar da hankalinki, Hajiya taci gaba da jan carbinta. Wanda ke da illa fentin radiyom ne da ake shafa wa agogo a da, an daina tuntuni. Na yanzu hoda ce ake kwaɓawa cikin roba, tana shan hasken rana ko na kwan lantarki ta riƙe, sai ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. In hasken na kaiwa har asuba to galibi irin hodar da kamfanin Nemoto na Japan ya fito da ita ne a 1993, wadda aka barbaɗa wa yurofiyam da disfirosiyam.

Su biyun nan 'yan gida ɗaya ne, dangin ma'adanai 17 masu wuyar tacewa, dan a cakuɗe suke zuwa cikin ƙasa. Huɗu daga ciki ma sunan wani ƙauye a Suwidin suka ci, Ytterby, inda aka tsinci wani baƙin dutse a 1787.

Toh nanokilastan nan, wato 'yan mitsi-mitsin dunƙulayen ƙwayoyin ƙarfe da ake auna girmansu da nanomita, wallahi shi yafi burge ni. Nanomita ɗaya fa mita ce aka raba gida biliyan, kaurin gashin kanki kusan nanomita 80,000 ne. Masana na zuba gishirin ƙarfen yurofiyam ko tabiyam (shi ma ɗan gidan ne) cikin ruwan sinadari tare da wasu ƙwayoyi masu kama ƙarfe, su daidaita tsami da zafi su ajiye, sai abin ya harhaɗa kansa da kansa ya zama 'yan dunƙulaye, kowanne da ƙwayar ƙarfe 'yan kaɗan zuwa gommai, ƙwayoyin oksijin ne gadar da ke haɗa su. Ƙwayoyin nan masu kama ƙarfe su ke lulluɓe dunƙulen, amfaninsu biyu ne, su ƙarafan ba su iya shan haske sosai, dan haka lulluɓin ke kamo hasken UV (wanda ido ba ya gani) kamar eriya ya miƙa musu, sannan yana tsare su daga ruwa, dan ruwa na sace ƙarfin ya maida shi zafi hasken ya dushe. In an haska, tabiyam kore shar yake bayarwa mai tsawon zango wajen nanomita 545, yurofiyam kuma ja wajen 615, launi tsantsa ba gauraye.

Bambancinsu da carbin, nasu hasken cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa yake mutuwa, amma ko hakan dogo ne a wajen masu gwajin jini, suna jira hasken sauran tarkace ya ɗauke sannan su auna na yurofiyam ko tabiyam ɗin shi kaɗai.

Gobe ki dunƙule rabin carbin cikin ƙyalle, ki shanya shi haka a rana minti goma, sai ki shiga ɗaki ki rufe taga ki kwatanta.